Sikibiyo Ɗan Riƙo

Mutanen layinsu a unguwar Hindawiyya sun san Mastura da ƙarar yatsunta. Idan ka wuce ta ƙarƙashin tagarta da hantsi ka ji kacau-kacau kamar ana tsince shinkafa a faranti, to ita ce, tana buga rubutun wani a kambiyuta.

A Jidda aka haife ta. Kakanta ne ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa, ya daɗe a Sudan yana noma yana haɗa guzuri, ya ƙetaro teku ya yi hajji, ya ce shi kam ya iso. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, sai goggonta ta unguwar Kurayyat ta ɗauke ta riƙo. A can ta ji Hausa har ta zauna mata a baki, domin goggon nan ba ta yarda a yi mata Larabci a ɗakin girki ba. Da ta girma ta koyi bugun rubutu, ta yi shekaru a wani shago a Sharafiyya inda ɗalibai ke kawo bincikensu a buga musu, daga baya ta dawo da aikin gida. Mijinta Othman mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyin nan da ba a iya zaman Jidda sai da ita. Ɗansu Mazen ya yi aure ya tafi nasa gidan, sai sunansa da ya bari suna kiran juna da shi.

Sana'ar dai ta yi ta ja baya. Yanzu kowa yana buga nasa, wani ma magana yake yi wa jawwal ɗinsa, wato wayar hannu, ta rubuta masa. Cikin masu kawo mata aiki, mutum ɗaya ne ya rage da har yau yake rubutu da alƙalami: Daktur Hamad, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya daga jami'a. Rubutunsa kuwa, in ba ka saba ba, sai ka rantse kiyashi ne suka faɗa tawada suka fito suna neman hanya. Mastura kaɗai ke karanta shi ba tambaya.

Littafin da yake yi juzu'i biyu ne, a kan Rumawan dā, zamanin da suka kori sarkinsu suka ce sun gama da sarauta, duk shekara a zaɓi mutum biyu su riƙe gari. Su waɗannan biyun ƙunsul ake ce musu. Ranar da ta fara cin karo da kalmar sai da ta ajiye takardar ta yi dariya, don ita ƙunsul ɗin da ta sani shi ne wanda maƙwabta ke yi wa layi da fasfo a hannu. Ga shi nan kuma wai ya hau doki yana jan runduna.

Da farko aiki ne kawai. Ba ta san lokacin da ta fara ƙin tashi duba tukunya sai ta kai ƙarshen shafi ba. Abin da ya dame ta shi ne sunaye. Mutanen nan kamar an yi musu rowar suna: uba Bubliyus Kurniliyus Sikibiyo, ɗa Bubliyus Kurniliyus Sikibiyo, jika ma haka. Daktur kuma in ya yi zafi da rubutu, Sikibiyo kawai yake sawa ya wuce. Sai ta ga an kashe Sikibiyo a ƙasar Asbaniya, bayan 'yan shafuka ga shi nan garau yana yaƙi a Afirka. Kuma ita aka ɗora wa fihris, wato jerin sunayen ƙarshen littafi da shafin da kowa ya fito.

Wata rana da la'asar, suna shan shayi, ta ce da mijinta, "Abu Mazen, mutanen nan ba su da kakanni mata ne? Ai mu in an yi wa yaro sunan kakansa, nan take ake ce masa Abba ko Baba Ƙarami, kowa ya huta."

Othman ya ce, "To ki zame musu kakar mana."

Da wasa ya faɗa, ita kuwa ta ɗauka. Tana bugawa tana maƙala wa kowa laƙabinsa da Hausa, cikin haruffan Larabci, don kada ta ruɗe, da niyyar in ta gama ta share. Uban da ya mutu a Asbaniya ya zama Marigayi. Ɗansa da ya kara da Hannibal mai giwaye ya zama Mai Giwa. Ɗan wannan, da bai cika lafiya ba, Mai Laulayi. Shi kuma Mai Laulayi bai bar ɗa ba, sai ya karɓo yaro daga wani gida ya ba shi sunan gidansu, yaron nan ya girma ya rushe birnin Ƙarɗaja. Wannan ba ta ma yi tunani ba, yatsunta ne suka rubuta: Ɗan Riƙo.

Matan kuwa abin nasu ya fi ba ta mamaki, ba a ma yi musu suna. Duk 'yar da aka haifa a gidan Kurniliyus, Kurniliya ce. Mai Giwa ya haifi mata biyu, Kurniliya da Kurniliya. Ƙaramar ita ce ta shiga ran Mastura: haihuwa goma sha biyu, uku suka rayu.

"Wabi ta yi, baiwar Allah," in ji Mastura, har da ƙwalla. "Irin na goggona."

Juzu'i na ɗaya ya ƙare daidai inda babban ɗan Kurniliya, Tibiriyus, ya miƙe a gaban jama'a ya ce a karɓi gonakin gari da manya suka mamaye a raba wa talakawa. Nan Daktur ya ajiye alƙalami. Sauran yana juzu'i na biyu, wanda ke cikin kwali a gidansa, kuma ya ce ba zai fito da shi ba sai an karɓi na farko.

Othman ya ɗago jawwal ɗinsa. "Umm Mazen, yanzun nan zan tambayo miki yadda ya ƙare. Mutumin da ya mutu tun kafin Annabi Isa, ai ba sirri ba ne."

"Wallahi in ka faɗa mini, yau ba ka cin tuwona. Daga hannun Daktur na fara ji, daga hannunsa zan ƙarasa."

Kwalin nan shi ne abin da take jira, don labarin, kuma don bayansa babu wani aikin da ke tafe.

Da lokacin aikawa ya yi, ta sa kambiyuta ta nemo laƙubban ɗaya bayan ɗaya tana sharewa. Marigayi ya tafi, Mai Giwa ya tafi, Mai Laulayi ya bi su. Ɗan Riƙo ma ta neme shi ta share. Abin da ba ta lura ba, a ranakun da take sauri ta riƙa haɗe kalmomin biyu su zama guda, kuma na'ura abin da ka ce ta nemo shi take nemowa. Na raben sun fita, na haɗen suna nan kwance a wurare da dama, har cikin fihris. Daktur, da idonsa ya yi rauni, ya bi shafuka sama-sama ya ce madalla. Aka tura wa maɗaba'ar jami'a, su kuma suka tura wa muhakkim, wani malami a wata ƙasa da ba a faɗin sunansa, wanda zai karanta ya ce a buga ko kada a buga.

Aka yi ta jira, zafi ya shigo, Othman bai zauna ba don mukayyif ɗin rabin unguwa ya tashi lalacewa lokaci guda. Wata safiya jawwal ɗin Mastura ya yi ƙara. Daktur ne, amma muryar ba tasa ba ce ta kullum.

"Umm Mazen, takardun hannuna na juzu'i na ɗaya suna wurinki?"

"Suna nan, Daktur. Lafiya?"

Ya ce rahoton muhakkim ya zo. Mutumin ya yaba littafin, amma ya tsaya a kan abu guda. Ya ce marubuci ya ba wa wanda ya rushe Ƙarɗaja wani laƙabi da shi bai taɓa gani ba. Ya duba littattafan Latin, ya duba na Girkanci, har ya rubuta wa wani abokinsa a Italiya don sunan ya yi masa kama da nasu, ba wanda ya san shi. Ya ce sai an kawo madogara, in ba haka ba ba zai sa hannu ba, domin wanda ya ƙirƙiri suna guda ba a san me kuma ya ƙirƙira ba.

"Na sauke duk littattafan ɗakina," in ji Daktur. "Ban same shi ba. Kuma ban tuna na rubuta ba. Shi ne abin da ya tsorata ni, Umm Mazen. Mahaifina haka ya fara, yana yin abu yana mantawa."

"Wane suna ne, Daktur?"

"Danriku. Sikibiyo Danriku."

Mastura ta nemi kujera ta zauna. Ta ce masa takardun suna zuwa bayan la'asar, ita da kanta za ta kawo.

Da Othman ya dawo cin abincin rana ta gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya ƙware da ruwa. "Har Italiya! Umm Mazen, Hausarki ta riga ki hawa jirgi."

"Ka daina, Abu Mazen. Dattijon nan yana can yana zaton hankalinsa ke tafiya."

Nan ya nutsu. Ya ce, "To ki ce kuskuren na'ura ne. Kowa ya san halinta."

"Na'ura ta san riƙo? Kuma in na ce haka, gobe ya ce to na'urar ta sake yi. Yalla, tashi ka sa tobe, doguwar rigar nan taka mai kyau, kai za ka kai ni."

Gidan Daktur, ɗakin baƙi ba wurin zama. Littattafai a buɗe a kan kujeru, a kan kafet, har bisa akwatin talabijin. Ya kawar da wasu ya ba su wuri, aka kawo gahawa da dabino, ba wanda ya taɓa. Mastura ta ajiye takardun a gabansa.

"Daktur, kada ka wahal da idonka, ba ya ciki. Lafiyarka ƙalau. Ni na sa."

"Ke kika sa me?"

"Sunan. Ba Latin ba ne, Hausa ce, yaren kakannina. Ɗan riƙo." Ta faɗe shi yadda ake faɗa, da ƙ ɗinsa mai kauri. Ta yi masa bayanin yadda Sikibiyoyi suka yi mata yawa, da yadda ta raba su, da yadda ta share saura wannan ya ɓuya.

Daktur ya cire tabarau ya rufe ido. Da farko numfashi ya sauke, mai tsawo, ya ce alhamdu lillahi. Sai kuma fushin ya iso.

"Shekara arba'in ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa cewa na ƙirƙiri harafi! Yau ga mutumin da ban sani ba yana zaune a ƙasarsu yana tunanin ni maƙaryaci ne. Littafin ilmi ne wannan, ya ukhti, ba hirar mata a soro ba! Wa ya ce ki sa hannu a cikin mutanena?"

"Ba wanda ya ce, Daktur. Na yi kuskure."

Othman ya gyara zama zai sa baki, ta yi masa ido ya koma ya ɗauki dabino. Kunnensa na kan ƙarar mukayyif, wanda ya ji tun shigowarsu cewa yana neman wanki amma ya ga ba lokacin faɗa ba ne.

Daktur ya mayar da tabarau. Malami dai malami ne, tambayar ta fi ƙarfinsa. "Me kalmar take nufi?"

Ta ce yaron da aka ba wa ɗan'uwa ko 'yar'uwa ya tashi a hannunsa, ya ci ya sha a gidan, a yi masa aure a gidan. Ta ce ita ma 'yar riƙo ce.

"Sunan mijin goggon taki kike amsawa?"

"A'a, subhanallahi. Sunan mahaifina."

"Kin gaje su?"

"A'a. Sai abin da ta ba ni da hannunta."

Ya buga tafin hannu a gwiwa. "To kin gani! Ko laƙabin naki ma ba daidai ba ne. Shi wannan fita ya yi daga gidan ubansa gaba ɗaya, a shari'arsu. Ya ɗauki sunansu, ya ɗauki gadonsu, kakanninsu suka zama nasa. Abin da addininmu ya hana ke nan. Naku daban."

Mastura ta jinjina kai. Abin ya shige ta, har ta manta laifi ta zo amsawa. "To uwar da ta haife shi fa, Daktur? Shi ke nan ta rasa shi?"

"A'a, ya ci gaba da kula da ita. An ce har dukiya ya ba ta da ta shiga ƙunci. Yana babi na shida, ke kika buga."

"Na tuna. Shi ya sa na ce ɗan riƙo ne. Ɗan riƙo ba ya manta ƙofar gidansu."

"Wannan ba hujja ba ce, tausayi ne," in ji Daktur, amma muryar ta sauka. "Saura me kika ce musu?"

Ta lissafa masa, Othman yana taya ta fassara. Da aka zo kan Mai Laulayi, gefen bakin Daktur ya motsa, ya yi maza ya kai finjali baki.

Bai sake ta haka nan ba. Ya ce tunda ita ta ɓata, ita za ta buga amsar da za a aika wa muhakkim, yanzu, a kambiyutarsa. Ta zauna, yana faɗa tana bugawa. Ya gode wa muhakkim bisa kaifin idonsa. Ya ce kalmar ba ta da madogara a Latin ko Girkanci, alama ce da mai bugun littafin ta sa wa kanta da harshen Hausa, kuma laifin marubuci ne da bai bi bugun da kyau ba. A nan yatsunta suka tsaya.

"Daktur, laifina ne."

"Sunana ne a bangon littafi. Buga."

Ta buga. Ta share Danriku a duk inda ya ɓuya, a gabansa, yana tsaye a kanta yana ƙirgawa da baki. Da suka tashi tafiya ta hango kwalin juzu'i na biyu a ƙarƙashin tebur, an ɗaure shi da igiya. Bai ambace shi ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A mota Othman ya ce, "Halas, shi ke nan, kin ga ya huce."

"Ya huce, amma bai ce zai ba ni ba. Akwai 'yar ɗan'uwansa da ta iya kambiyuta, ya sha faɗa mini."

Makonni suka wuce, layin Hindawiyya ba kacau-kacau. Maƙwabciyarta har ta leƙo ta tambaya ko ba ta da lafiya. Ta wanke labule, ta jera kwanuka, ta sake jera su. Othman ya sake ɗago jawwal sau ɗaya, ta kalle shi, ya mayar aljihu.

Ranar wata Asabar da hantsi aka buga ƙofa. Direban Daktur ne, da ambulan a hannu, ba kwali ba. Tana karɓa jawwal ya yi ƙara.

"Umm Mazen, an karɓi littafin," in ji Daktur. "Muhakkim ya sa hannu. Ya kuma ce a tambaye ki yadda ake furta kalmar, wai abokinsa na Italiya ya matsa masa. Wannan babi ɗaya ne. Ki buga, in karanta shi harafi-harafi, in na ga ba baƙo a ciki in aiko na gaba. Fihris kuma ni zan yi da kaina."

"Na gode, Daktur. Allah ya ƙara lafiya."

"In wani ya ruɗa ki, ki kira ni ki tambaya. Kada ki raɗa masa suna."

Ba ta ma kai ga kujera ba, a tsaye a bakin ƙofa ta zare takardun ta fara bi. Othman yana tsugune a tsakar ɗaki ya kwance wani mukayyif, ya ji ta yi salati.

"Lafiya?"

"Sun kashe shi, Abu Mazen. Tibiriyus. Manyan gari ne suka fito da kansu, suka kakkarya kujeru suka bi shi da ƙafafun. Ko gawar ba su ba uwar ba, kogi suka jefa." Ta juya shafi, ta sake juyawa, ta dafe ƙirji. "Kuma ka san wa ya ja gaba? Ɗan yayarta! Ɗan ɗaya Kurniliyar, ciki ɗaya da ita."

"Inna lillahi. Wa ke nan?"

"Wani Sikibiyon ne kuma."

Othman ya ajiye sukurdireba. "Wanne daga ciki?"

Mastura ta buɗe baki za ta raɗa masa suna, sai ta fasa. Ta duba takardar ta karanto masa sunan gaba ɗaya, dogo, guda huɗu a jere, yadda Daktur ya rubuta. Sannan ta ja kujera ta kunna kambiyuta.